Cajin Wayata da Sabobin Dubai

Kwana biyar ke nan abinci ba ya min daɗi, jama'a. Bari in amayar da abin, ko na ji sanyi.

Wani mutum ne, wai shi Injiniya Tasi'u. To, me zan ɓoye? Ɗana ne. In ya buɗe baki, sai ka rantse shi ya ƙera intanet da hannunsa. Shekara uku yana zaman kashe wando, sai wata makarantar kuɗi a nan Zariya ta ce ya haɗa mata manhajar duba sakamakon ɗalibai, in ta yi kyau a ɗauke shi aiki. Ya ce shi ba ya haya a na'urar kowa, tasa zai kafa. Kwamfutoci bakwai, wai saba ake ce musu, kowacce na riƙe da manhajar.

Ranar ƙaddamarwa na ci kwalliya, na kwashi matan layinmu. Ɗakin taro ya cika maƙil. Ga Tasi'u cikin kwat, ga ƙaton allo yana walƙiya.

"Ranka ya daɗe," ya ce wa shugaban makarantar, "saba biyu na Kano, biyu na Legas, uku na Dubai. In guda ta mutu, sauran su ɗauke aikin kafin ka ƙifta ido. Ko girgizar ƙasa ba ta kashe manhajar nan!"

Tafi raf-raf-raf! Ni kuwa ina ta ɗaukar hoto, sai cajin wayata ya yi ja. Na lallaɓa bayan labule neman soket. Na tarar da wasu tsofaffin kwamfutoci jere a kan benci suna gurnani, fanka na yi musu fifita. Wayoyinsu duk sun taru a doguwar soket guda, ita kuma an cusa ta a bango. Na ce kai, ɓarnar wuta! Na zare, na sa cajata.

Ɗif! Allo ya yi baƙi ƙirin.

"Injiniya, lafiya?" in ji shugaban.

"Ƙaramin abu ne. Yanzu Legas za ta ɗauka."

Allo dai bai dawo ba.

"To... Dubai na tafe."

Ya latsa nan, ya latsa can, gumi sharkaf.

Sai na leƙo na ce, "Tasi'u, tarkacen nan guda bakwai na waye? Na kashe su, minti goma kawai zan yi caji."

Shugaban ya taso, ya yaye labulen, ya ƙirga da yatsa har bakwai. Ya dube ni ya ce, "Hajiya, ashe Dubai kika je ba sallama? Sannu da hanya. Ina tsarabarmu?"

Wata ƙawata har faɗuwa ta yi daga kan kujera don dariya.

Makaranta dai ta ce za ta nemi Tasi'u, har yau shiru. Shi kuma ya daina cin tuwona, gaisuwa ma daga bakin ƙofa yake jefo min ita. Don Allah ku ba ni shawara: in je in roƙi shugaban ne, ko zuwan nawa zai ƙara ɓata abin? Kuma tsakanina da Tasi'u, wa ya kamata ya ba wani haƙuri?