Fustuk da Buɗaɗɗiyar Ƙofar Teta

"Lafiya lau na kwana, angona, in ka cire haushin ɗan uwanka," in ji Teta Wadad, tana ɗora tukunyar gahawa a wuta. "Kai da shi ban san wanda ya fi wani zaman banza ba."

Bassam, jikanta, yana durƙushe a bakin ƙofa da gutsuren cuku a hannu. A gabansa Fustuk ne, ɗan ƙaramin kare mai gashi cirko-cirko, irin masu farautar ɓera. A cikin ɓaraguzai ya tsince shi bara, kwana biyu bayan tashar jiragen ruwa ta fashe, gilasan Beirut suka zube. Tun daga lokacin, da shi da karen, babu mai jure ƙara.

Makon jiya aka yi wasan wuta a wani biki, Fustuk ya fice da gudu, sai da Bassam ya kwana biyu yana bin lunguna kafin ya same shi. Teta ta yanke hukunci: ƙauye za a kai karen, gonar ƙanenta. Ita dai ba ta rufe ƙofa da safe. Shekara arba'in maƙwabta na shigowa shan gahawa ba tare da ƙwanƙwasawa ba. Ga shi jibi sakamakon jarrabawar 'yan sakandare zai fito, unguwa za ta kaure da wasan wuta da harbi sama.

"Teta, a rufe ƙofar nan kwana uku kacal."

"In rufe, maƙwabciyata Ummu Jurj ta zo ta ɗauka na mutu? Ta fara rabon kujeruna?"

"Ai kin kusa. Shekarunki sun fi na ginin nan."

"Ni zan binne ka, in auri wanda ya fi ka. Mai aiki. Injiniya guda, shekara biyar a jami'a, an ƙare a koya wa ɓera zama."

"Ɓeran nan ya fi ƙawayenki jin magana."

"Da Faransanci kake masa magana, ina jinka. Karen da aka tsinto a bola. Ko uwarsa ba ta taɓa ganin Faris a talabijin ba."

"Haka ake koyarwa. Na karanta."

"Ka karanta. Ni kuwa na raini maza biyar da silifa ɗaya."

"Shi ya sa huɗu suka gudu ƙasar waje."

Ta juyo da cokali a hannu, tana danne dariya. "Na biyar ɗin kuma ya haifo min kai. Ka ga inda silifar ta gaza."

"Ke kike ɓata shi, tsohuwa. Da ya yi haushi sai ki jefa masa nama."

"Baƙo ne. A gidana baƙo ba ya roƙo sau biyu."

Bassam ya miƙe. Ya san wannan dariyar ba ta canza komai. Motar ƙauye ranar Asabar take zuwa. Shi kuma bai san yadda zai zauna a ɗaki ba in babu wannan ɗan numfashin a gefen ƙafarsa.

"To mu yi haka," ya ce. "Ƙofa a buɗe. In ya zauna a kan kafet ɗin nan har gahawarki ta taso sau uku, ya zama ɗan gida. In ya fita, ni da kaina zan ɗora shi a mota."

"In ya fita, kai ma ka bi shi. Akwai zaitun da ke jiran tsinka."

"Na yarda."

"Yi masa turancin naka, mu gani."

Fustuk ya zauna, idonsa a kan cuku. Gahawa ta taso, Teta ta janye tukunyar. Ɗaya. Wata kyanwa ta gifta ta matakala, kunnuwan karen suka miƙe, amma bai motsa ba. Gahawa ta sake tasowa. Biyu.

Sai wani ɗan gaggawa a can saman rufi ya gwada wasan wutarsa tun kafin ranar. Ƙarar ta daki tagogi.

Cukun ya faɗi daga hannun Bassam. Ya samu kansa a ƙasa, kunnensa na ƙugi. Fustuk ya zabura, ƙafa biyu a waje. Faransancin duk ya gudu daga kan Bassam.

"Zauna, ɗan uwa," ya ce, da muryar da shi kansa da ƙyar ya ji. "Zauna. Ina nan. Ba komai ba ne."

Karen ya dubi matakala. Ya dubi Bassam. Ya ja da baya a hankali, ya zauna a kan kafet, ya manna haƙarƙarinsa a gwiwar mai shi.

Ƙaurin gahawa ne ya dawo da su. Ta taso ta uku, ta malale, ta kashe wutar. Teta na tsaye, hannu a ƙirji, ba ta ma lura ba.

"Uku," in ji Bassam.

"Wannan ba zama ba ne. Matsorata biyu ne suka jingina da juna."

"Ukunmu dai. Dubi gahawarki."

Ta dubi murhun, ta yi tsaki, ta shige ɗaki. Da ta fito, tsohon bel ɗin marigayi mijinta ne a hannunta, na fata, wanda ba ta bari kowa ya taɓa.

"Kai wa baduku ya yanka masa abin wuya. Kakanka ma sai da aka yi shekara ana ce masa zauna." Ta yi dariya, ta goge ido da gefen ɗankwali. "Ku matsa min daga ƙofa, kai da ƙanenka. Ga Ummu Jurj nan tana hawowa."