Rasuwar Akurkin Umma a Ƙofar Gayan

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, ni Malam Aƙilu Zailani, akawu, na Ƙofar Gayan a Birnin Zazzau, nake sanar da 'yan uwa da maƙwabta rasuwar akurkin kajin gidanmu, wanda ya riga mu gidan gaskiya da hantsin Lahadi, a watan Nuwamba na 1976, yana da shekara ashirin da uku.

Mahaifiyata, marigayiya Umma, ita ta gina shi da hannunta a gindin katangar bayan gida. Duk ƙarshen damina takan yaɓe shi da sabuwar ƙasa da ramno, wato yankakkiyar ciyawar gini, ta shafe da makuba ta ɓawon ɗorawa, ta yi masa hayaƙin kara saboda ƙuma, ta shimfiɗa toka, domin ɗari ya zo ya iske kaji cikin ɗumi. Shatin yatsunta biyar ya zauna a saman ƙofarsa, inda takan dafa idan za ta miƙe.

Marigayin mai riƙon amana ne. Muzuru ya yi masa zarya har ya tsufa bai samu ko gashi ba. Ba shi da surutu, in ban da "ƙwaram" ɗin tsohon kwanon da ake rufe bakinsa da magariba, wanda har yanzu kunnena ke jira.

Game da ciwon ajalinsa, ba zan ɓoye ba, ni ne sila. Bara na ziyarci abokin aikina Malam Yona a Wusasa, na ga ɗakin kajinsa na bulo fes, sai raina ya biya. Na sayo siminti na lafta wa namu daga sama har ƙasa. Goggo Barira, aminiyar Umma, ta tsaya a kaina ta ce, "Aƙilu, ƙasa da ƙasa ake yaɓe ta." Na ce mata zamani ya canza, kuma na faɗa da dariya a gaban matata. Ta ɗauki mayafinta, tun ranar ba ta sake taka zaurenmu ba.

Ashe ruwan marka yana shiga ta tsaga, ba ya samun hanyar fita. Daga waje marigayin yana sheƙi, daga ciki ya gama ruɓewa. Ranar Lahadi da na ji sanyi ya fara cizo, na kwashe kaji, na cusa kara na kunna kamar yadda Umma ke yi. Sai marigayin ya ce "ɗas", ya sake cewa "ɗas", sannan "rugum". Garin neman gira na rasa ido.

Ya rasu ya bar zakara ɗaya, 'yan tsaki huɗu na saye, da Wake-wake, kaza ta ƙarshe daga tsatson kajin Umma, wadda ke kwance kan ƙwai goma sha ɗaya. Yanzu tana cikin kwando a ƙarƙashin gadona, tana tashi tana komawa, ba ta yarda da wurin ba. Saura kwana tara ta ƙyanƙyashe, sanyi kuwa kullum ƙaruwa yake. Idan ta bar ƙwan nan suka huce, irin kajin Umma ya ƙare a hannuna. Wannan ne ke hana ni cin abinci.

Za a yi jana'iza ranar Asabar da hantsi a bayan gida, inda za a jiƙa ƙasar marigayin a kwaɓa ta don gina magajinsa. Masu ta'aziyya su zo da ramno da makuba. Mai siminti ya tsaya a zaure.

Sai dai duk gidan ba wanda ya iya ginin. Don haka ina roƙon duk wanda ya san ƙofar Goggo Barira ya karanta mata wannan takarda, ya ce Aƙilu bai ji bari ba, ya ji hoho, kuma ba za a taɓa ƙasar ba sai ta iso.

Ɓallin siminti ɗaya ne kawai ba za a zubar ba. Da na juya shi, na ga yatsun Umma biyar sun fito a cikinsa. Yana kan tabarma a zaure, yana jiran Goggo ta zo ta gani.