Kamar Yadda Littafi Ya Ce

"Shafin ƙarshe ka ci amanarsa," in ji Kura, shugabar Majalisar Duba Finafinai ta Kurmin Tsamiya. "Littafi ya ce sarki ya cinye barewa. A fim ɗinka shafa mata kai ya yi."

Gwanki, daraktan fim ɗin, ya ce ranki ya daɗe, ai ruwan saman dai ya sauka, kuma shi ne jigon labarin. Kura ta ce ba ruwa ta tambaye shi ba.

Kowa a kurmin ya san littafin, don da shi ake koyon karatu. A shekarar fari, wata barewa ta kai kanta gaban Zaki na farko bisa yardarta, ya cinye ta, sai sama ta buɗe. Doka kuwa ta ce duk fim ɗin da aka ciro daga littafi, da littafin za a auna shi. Wanda ya ƙara ya yi ƙarya, wanda ya rage ya yi sata, kuma hukuncin duka biyun yana hannun masu fiƙa.

Akwai wata al'ada kuma. Talaka ba ya fitowa a matsayin sarki, sai jinin sarauta. Shi ya sa Yarima, ƙanen Zaki mai ci, ya hau matsayin. Yarima kuwa bai iya cizon wasa ba. Gidansu babu wanda ya iya.

Gwanki ya bayyana wannan a hankali, kansa a ƙasa. Ya ce Tabawa, barewar da ta fito a fim ɗin, tana da ɗa a nono. Ya roƙa a bar shi ya cusa ciyawa a fata, kyamara ta tsaya daga nesa.

Dila, masanin adabi na fada, ya miƙe ya gyara murya.

"Ya ku 'yan majalisa, marubuci ya rasu, ba shi da bakin kare kansa sai mu. Bai rubuta ciyawa ba. Idan yau aka sauya barewa da buhu, gobe da me za a sauya sarki? Kuma wa ya ba Gwanki izinin ƙwace wa bareyi darajar da kakarsu ta saya musu da jininta?"

Aka yi tafi. Bareyin da ke zaune can baya su ma suka yi, wasu don sun haddace shafin tun suna ƙanana, wasu don Kura na kallonsu. Tabawa tana cikinsu. Ba ta tafa ba, ba ta kuma tashi ba, don ƙannen Kura ne a bakin ƙofa.

Aka yanke cewa a sake ɗaukar fitowar yadda take a rubuce, kusa da kusa, har da murmushin yarda a fuskar jaruma. In Gwanki ya ƙi, a miƙa shi ga masu fiƙa, a ba wani kyamarar. Yarima ya yi hamma, ya ce shi fa a yi masa uzuri, yakan manta maganarsa in an kunna fitila.

Gwanki ya ɗago kai ya dubi Kura.

"Ranki ya daɗe, a sana'armu ba a cika dacewa a ɗauka ta farko ba. In wannan ta lalace, wa za a kawo a ta biyu?"