Rasuwar Gwaggo, Na'urar da Ba Ta Iya Kai Rahoto Ba

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, wanda har yau bai lafa ba, Mai Eriya, wato mai sayar wa unguwa intanet daga shagon da ke ƙarƙashin bene, yana sanar da rasuwar na'urarsa ta rarraba intanet, wadda aka fi sani da Gwaggo. Ta cika ranar Talata da hantsi, a kan tebur, tana da shekara goma sha ɗaya.

Marigayiya mai riƙon amana ce. Saƙon gidaje tamanin ya bi ta cikinta, na faɗa da na sulhu, har da tambayoyin da mata ke yi wa ungozoma, amma ba a taɓa jin maganar wani a bakinta ba. Makusanta sun san dalili: da an ɗauke wuta take mance komai. Mai Eriya dai ya fi so a kira abin kawaici, kuma iyalai sun bar shi a haka.

Jinyarta ta fara ne da wata takarda daga hukuma, wadda ta ce dole duk mai rarraba intanet ya tanadi hanyar da jami'ai za su saurari layin mutum idan kotu ta ba da izini. Wanda bai yi ba cikin kwana talatin, lasisinsa ya tafi. Mai Eriya mutum ne mai bin doka. Da jami'i ya zo dubawa, sai ya goge kujera, ya ajiye masa ita dab da Gwaggo, ya ce ya saurara iya son ransa. Bawan Allah ya zauna don kara, bai ji komai ba sai ƙugin fanka. Ya bayyana cikin ladabi cewa ba haka ake nufi ba, ya kuma tuna masa saura kwana tara.

Aka kira surukin Mai Eriya mai gyara, ya buɗe ta, ya ce sabuwar manhajar sauraren da hukuma ke so ta fi ƙarfinta, in aka ɗura mata da wuya ta tashi. Mai Eriya ya dubi lasisin da ke bango, wanda da shi ake cefane a gidansa, ya dubi Gwaggo. Da yatsansa ya danna maɓallin ɗura manhajar, kuma ya ce kada a ɓoye wannan a cikin sanarwa. Ta yi ƙit, ƙit, ta saki wani dogon tiiii, koren fitilarta ya koma ja, shi ke nan.

Ta bar eriya uku, batir biyu, ɗaya ya kumbura, da tela wanda tun bara yake cewa a sauya ta, yanzu kuma ya fi kowa jimami. Magajiyarta ta iso jiya, tana da sauri, ba ta mantuwa, jami'i ma ya yaba da tarbiyyarta.

Za a mayar da Gwaggo cikin kwalinta na asali gobe da ƙarfe huɗu, a ɗora ta saman kabad. Na nesa na iya turo ta'aziyya ta waya, za ta iso ba ɓata lokaci. Wanda kuma yake da wata magana bayan ta'aziyyar, Mai Eriya na roƙon ya tako da ƙafarsa. Kujerar tana nan.