Wejin da Na Sa a Dutsen Barazil

Ba zan taɓa mantawa da abin da na jawo wa kaina a ƙasar Barazil ba. Kafin ku tambaya, i, na je. Ni ɗin nan da karatuna ya tsaya a aji biyu (shi ma malamin ne ya roƙi babana ya zo ya ɗauki abinsa).

Lokacin da kuɗin fetur ya fara shigowa ne gwamnati ta ɗebi manoma su je su ga yadda ake noma a can. Daga ƙasar Birnin Gwari mu biyu aka ɗauka, ni daga Kakangi, sai taubashina Bawa daga Damari. Bawa kuwa tun muna yara ba shi da sana'ar da ta wuce jiran in yi kuskure.

To, kafin in koma gona na yi shekara shida ina karen mota a hanyar Kaduna, cikin dajin nan namu. Babban aikina shi ne weji. Idan gingimari ta gaza a hawa, sai in dira da gungumen ice in cusa bayan taya kada ta koma da baya. Ban taɓa riƙe sitiyari ba, amma a ƙauyenmu ni ne masanin mota. Ko keke ya lalace ni ake kira. Wannan sunan shi ne duk abin da nake taƙama da shi a duniya.

A can suka zuba mu cikin wata doguwar bas mai kujerun kwanciya, har da bayan gida a ciki (kwana uku ban yarda na shiga ba, ina tausayin motar da ke binmu a baya). Muka ga birni a bakin teku, benaye kamar an ɗora su don faɗa. Muka ga gonakin rake da ido ba ya kai ƙarshensu, da fararen shanu masu tozo sak irin na Fulaninmu. Ni kuwa na kame kujerar bayan direba ina ta yi wa 'yan uwana bayani. "Kun ji? Giya ta uku ya sa." Su kuma suna gyaɗa kai.

Rana ta biyar muka kama hawan dutse. Hanya ta yi ta naɗewa, hagu dutse, dama rami, gajimare a ƙasanmu. Muna tsakiyar hawa sai direba ya ratse gefe ya tsaya. Sai na ji daga ƙarƙashin mota: fuuus!

A iya sanina, mota ta yi wannan kukan a kan hawa, to iskar birki ce ta gudu.

"Birki ya tafi! Kowa ya sauka!"

Ban san lokacin da na kai ƙofa ba. Na naɗe babbar riga a wuya, na dira. Ga wasu bulo jajaye an jera a gefen hanya. Na suri biyu na cusa bayan taya, na dawo na ƙara biyu, ina take su da ƙafa ina ihun a ƙaro. Manoma suka yi ta zubowa suna salati. Wani dattijo daga Funtuwa ya fito ta taga, hularsa ta yi ramin.

Sai na ji wata mata tana kururuwa a kaina da yarensu, tana nuna taya. Na ɗauka godiya take yi. Wallahi har na ɗaga mata hannu alamar babu komai.

Tafintanmu ya iso yana riƙe ciki don dariya. Da ƙyar ya iya magana. Ya ce, "Malam, birkin irin wannan motar haka yake numfashi idan an ja shi. Direba ya tsaya ne ku kalli gari daga sama." Ya share hawaye. "Wannan kuma ba bulo ba ne, hajar baiwar Allahn nan ce."

Bawa ya durƙusa, ya ɓantari gefen wejina, ya sa a baki. Ya tauna a hankali yana kallona.

"Masanin mota," ya ce, "mazarƙwaila ce."

Mazarƙwaila! Ni da na tashi ina shanta, na kasa gane ta don kawai mutanen nan sun zuba tasu mai kusurwa huɗu! Na duba hannuna, ga danƙo, ga ƙudan zuma sun fara kawo gaisuwa. Shugaban tafiyarmu ya sallami matar yana hararata. Ita kuma da ta gane abin da ya faru, dariya ta zaunar da ita a ƙasa, ta ƙaro mini guda ɗaya tana nuna ɗaya tayar.

Daga ranar na koma kujerar ƙarshe. Sauran tsaunuka da garuruwan da muka bi, ta tagar baya na gan su.

A jirgin dawowa na kama hannun Bawa. Na ce, "Ɗan uwa, ka dubi zumunci. Idan wannan ta kai Kakangi na mutu."

Ya ce, "Me za ka ba ni?"

"Rediyon da na sayo."

Ya karɓa, ya rantse. Kuma ku ji ikon Allah, Bawa ya cika alkawari. Ko matarsa bai gaya wa ba.

Ni ne na kasa. Ranar kasuwa aka kewaye ni ana tambayar labarin Barazil. Na ba da na teku, na ba da na shanu, na ga mutane sun fara hamma. Ga labari mai daɗi yana yi mini ƙaiƙayi a maƙogwaro. Kafin la'asar na tsaya a tsakiyar rumfa, riga a wuya, ina nuna yadda na take mazarƙwailar. Bawa na gefe da rediyona a kunne, yana cewa, "Ci gaba, ka tsallake wurin hular."

Tun daga nan ko amalanke ta lalace ba a sake nemana ba. Abin da na koya shi ne, idan za ka sayi shirun wani, fara tambayar bakinka ko shi ma ya yarda.