Rasuwar 'Yar Sanyi, Kwamfutar Masaƙar Farin Wata

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da idanun da suka ƙi bushewa, Malam Uwaisu Inuwa, mai kula da ɗakin na'ura a Masaƙar Farin Wata da ke Sharada, yana sanar da 'yan'uwa da abokan aiki rasuwar babbar kwamfutar masaƙar, wadda aka fi sani da 'Yar Sanyi. Ta cika ranar Talata da hantsi, bayan jinyar kwana tara.

Marigayiyar ta sauka Kano a 1983 cikin akwatin katako, girmanta ya kai firji biyu. Ita kaɗai aka sa wa iyakwandishan a duk masaƙar, manaja ma fanka gare shi. Ba ta gulma, ba ta neman hutu. Kullum da safe takan tarbi Uwaisu da "ƙirrr, ƙit-ƙit," shi kuma ya cire takalmi kafin ya shiga wajenta. A cikinta aka zuba duk sirrin haɗin rinin atamfa, wanda Uwaisu ya yi wata uku yana kwashewa daga bakin tsohon marinin masaƙar, Malam Labaran na Challawa. Da aka gama sai aka sallami tsohon da kyautar agogon bango. Uwaisu ne ma ya riƙe masa ƙofa.

Ga yadda ciwon ajali ya samo asali. Marigayiyar ƙofa biyu gare ta. Ƙaramar ta ma'aikata ce. Babbar kuwa ta manaja, sai an buga sunansa da kalmar sirri kafin a ga haɗin rini ko a gyara wani abu. Injiniyan da ya kafa ta bai san kunya ba, ya rubuta sunan manaja "baffa" haka gatsau. Shekara huɗu Uwaisu yana buga sunan ubangidansa kamar na sa'ansa, abin yana ci masa tuwo a ƙwarya. Da aka naɗa manaja sarauta a garinsu, ya ga lokacin gyara ya yi, ya shiga ya mayar da sunan Alhaji Baffa Haruna Garkuwan Masaƙa. Ashe gurbin harafi takwas kawai yake ɗauka.

Tun daga ranar, da an buga sunan sai ta yi "fiiiii," allo ya ɗauke. Uwaisu ya buga tsohon sunan, ta ce ba ta san shi ba. Ya sauya wayoyi. Ya ɗauko faifan ajiya, ashe mayar da shi ma sai ta babbar ƙofa, gyara sunan ma sai ta nan. An buga wa injiniya saƙon teleks, aka ce ya koma ƙasarsu. Uwaisu bawan Allah ya rame, ya daina cin abinci, yana kashe ta yana kunnawa, yana lallashinta kamar mai dama wa marar lafiya kunu. A kunnawa ta arba'in da wani abu ta yi "ƙit" guda ɗaya, ƙauri ya tashi, shi ke nan.

Ta rasu ta bar allo uku, da firinta ɗaya, da iyakwandishan mai ta hura ɗaki a banza. Ta bar ma'aikata ɗari uku zaune a gindin darbejiya, da tulin farin yadi da ke jiran jan rinin atamfar Sallah. Ta kuma bar Uwaisu da mata da 'ya'ya biyar, da wannan ta'aziyya daga bakin Garkuwa:

"Uwaisu, in Juma'a ta yi ba a fara rini ba, ka bi ta."

Za a ɗauki gawar a kura ranar Alhamis bayan Azahar zuwa makwancinta a bayan sito. Ba za a yi zaman makoki a masaƙa ba. Mai son ganin Uwaisu ya same shi a Challawa, ƙofar gidan Malam Labaran, inda ya yini biyu a durƙushe da sabon littafi da biro. Ana roƙon masu zuwa, don girman Allah, kada su tsaya ba shi haƙuri, su shige ciki su taya shi roƙo. Jiya da la'asar tsohon ya leƙo, Uwaisu ya ce, "Baba, ku yi mini rai, ko jan nan kaɗai ku faɗa mini."

Malam Labaran ya miƙa masa kwanon ruwa, ya ce, "Sha, ɗana. Bari in duba agogon da kuka ba ni, in lokaci ya yi zan fito."

Har yanzu bai fito ba.