Ramin Layinmu Ya Samu Muƙami

Jama'a, gara in ba ku labarin abin da ya same ni jiya da bakina, kafin mai shayin bakin titi ya riga ni, don shi in ya ɗauko zance sai ya zuba masa gishiri har ya ƙi ciyuwa.

Da sassafe na tura babur ɗina gidan mai, na tarar layi ya miƙe har ya sha kwana. Na shiga bayan wani bawan Allah mai hula, riƙe da jarka. Na yi masa sallama bai amsa ba, na ce ƙila yunwa ce. Sai na buɗe baki. Na yi tsadar mai, na yi waɗanda suka rantse mana layin mai ya zama tarihi, na gangara kan mai gidan haya. Mutumin nan ko sau ɗaya bai katse ni ba. Na ce a raina, yau na gamu da mai hankali. Sai da rana ta take na lura na gaba sun yi nisa, shi ko gezau. Na dafa kafaɗarsa na ce, "Malam, a matsa mana." Hannuna ya ƙone. Ƙarfe ne! Mutum-mutumi aka ƙera da tsohon salansa da sarƙar babur, aka sa masa riga da hula. Bayana kuwa mutane reras, kowa na jiran ƙarfe ya motsa.

Ban tambayi wanda ya yi ba, na san hannun. Ƙanen matata ne, wanda unguwa ke kira Ɗan Tsatsa.

Walda aka kai shi ya koya don ya riƙa ƙera ƙofa da taga kamar 'ya'yan mutane. Ƙofar farko da ya yi sai da ya sa mata baki mai dariya, mai gidan ya ƙi karɓa. Daga nan ya koma tsince-tsincen ƙarafa a bola. Famfon unguwarmu da ya daɗe da bushewa, ya ƙera masa wata mata tsugune da bokiti, ta yi tagumi. Fitilar titin da ba ta taɓa kamawa ba, ya ɗora mata mujiya, ya ce ita kaɗai ke cin moriyar aikin. Yara na murna, baƙi na ɗaukar hoto, surukata kuwa kullum cikin takaici take. Takan ce, "Sa'o'insa na ƙera ƙofa suna aure, nawa yana ƙera mujiya."

To, akwai wani rami a tsakiyar layinmu da ya girmi autata. Duk lokacin zaɓe sai wani babba ya zo ya tsaya a bakinsa, ya girgiza kai, ya rantse ba zai yi barci ba sai an cike shi. Allah ya ba su lafiya, da gaskiya suka faɗa da yanzu rashin barci ya kashe su. Da damina ramin ya cika da ruwa har ba a gane shi. Nan maƙwabcinmu ɗan acaɓa ya afka, ƙafarsa ta karye, har yau ɗingishi yake. Ɗan Tsatsa ne ya ɗauke shi zuwa asibiti. Da ya dawo, sai ƙarar guduma muka yi ta ji daga shagonsa.

Wata safiya muka tashi muka ga masunci na ƙarfe zaune a bakin ramin, da malfa, da ƙugiya a ruwa, ga wani kada na ƙarfe ya leƙo da kai yana kallonsa. Na ce, "Kai yanzu wannan shi ne maganin karaya?"

Ya ce, "Yaya, direba ba ya ganin rami, amma zai ga masunci ya rage gudu. Su kuma manya, hannunka mai sanda ne, ko sa ji kunya."

Kunya! Yaron nan ya san ƙarfe, amma bai san manya ba.

Ba a jima ba sai ga motar ma'aikata. Muka fito muna murna, mun ɗauka kwalta ce. Suka sauko, suka kinkimi masuncin suka jefa a mota, wai yana zaune a kan hanya ba izini. Ramin kuwa suka kewaye shi a hankali suka wuce, da alama shi takardunsa sun cika.

Sai dai sun makara. Hoton ya riga ya zaga wayoyi, har mutanen nesa na zuwa suna tambayar inda masuncin yake. Labari ya kai kunnen Mai Girma Sarkin Yanke Ƙyalle, mutumin da almakashi ba ya barin aljihunsa, Allah ya ƙara masa abin buɗewa. Nan take aka dawo da masunci cikin jiniya, an shafe shi da sabon fenti. Aka kafa rumfa, aka jera kujeru, aka kafa allon da ya fi ramin girma, da hoton Mai Girma yana murmushi. Aka raɗa wa ramin suna Tafkin Shaƙatawar Al'umma. Mai Girma ya yi jawabi ya ce wannan mafarkinsa ne tun yana ƙarami. Ɗan Tsatsa ko kujera bai samu ba, daga bayan igiya ya ji ana kiransa "wani matashi da muka ƙarfafa wa gwiwa." Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Aka naɗa wa tafkin kwamiti, aka ba kwamitin mota, aka sa masu gadi. Da rani ya shigo ruwan ya ƙafe, sai ga tanka na zuwa tana cika shi. Matanmu na tsaye da bokitai a gaban busasshen famfo suna kallo. Maiɗakina ta matsa ta roƙi direban ya ɗan tsiyaya mata. Ya ce, "Hajiya, yi haƙuri, wannan ruwan aiki ne."

Tela maƙwabcina ya ce mini, "Kai ba ka da godiya. Unguwa nawa ke da tafki?"

Na ce, "To kai me ya sa kake ɗauke kekenka a ka in za ka wuce?"

Ya ce, "Girmamawa ce."

Sannan masu ɗaukar hoto suka cika hanya, motoci na kauce musu. Ranar nan wata tsohuwa mai sayar da kayan miya ta kauce wa mota, ta zame cikin tafkin da tirenta. Allah ya kiyaye, gwiwa kawai ta goge. Masu gadi suka tsamo ta, suka yi mata faɗa kan tumatirin da ta zubar a ruwan gwamnati.

Washegari da hantsi, gaban kowa, Ɗan Tsatsa ya turo baro cike da ɓaraguzan gini. Ɗan acaɓan nan na biye da shi da shebur, yana ɗingishi. Ya ɗauke masuncinsa ya jingine da bango, suka hau zubawa. Kafin masu gadi su gama buga waya, unguwa ta fito, mai dutse na kawo dutse, mai ƙasa na kawo ƙasa. Kafin azahar rami ya zama hanya. Kafin la'asar an tafi da Ɗan Tsatsa, bisa laifin lalata kayan gwamnati.

Ni da surukata muka je beli. Babban jami'in ofishin ya dube mu ta saman tabarau ya ce, "Kun san abin da ya yi? Tafki guda ya ɓatar."

Na ce, "Ranka ya daɗe, rami ne."

Ya ce, "Da rami ne. Tun da aka yanke masa ƙyalle ya daina zama rami."

Surukata, wadda ban taɓa jin ta yabi aikin ɗanta ba, ta gyara mayafi ta ce, "Yaro, ni na haife shi. Ya sa mutane dariya kun kama masuncinsa, ya hana su karyewa kun kama shi. To ka faɗa mini abin da zai yi ku bar shi, in je in koya masa." Babban ya duƙar da kai yana jujjuya biro. Da yamma suka sake shi.

A hanya ta ce masa, "Akwai tsofaffin tukwanena a bayan ɗaki. Ka kwashe, ka yi abin da za ka yi da su." Ɗan Tsatsa ya riƙe hannunta har gida.

Yau da safe kuma ƙarar inji ta tashe mu. Ashe jiya aka ba da kwangilar farfaɗo da tafkin. Ma'aikata sun zo a kan lokaci, da hulunan kwano, suna haƙa ba ko hutawa. Tun da nake, ban taɓa ganin aikin da aka yi alkawari jiya aka fara yau ba sai wannan, don haka masu cewa manyanmu ba sa aiki su nemi gafara.

Ni dai shawarata ga duk mai rami a ƙofar gida, in ya ji jiniya ya yi maza ya lulluɓe shi da tabarma. Ba don kada su gani su ji haushi ba. Kada su gani ya burge su.